Majalisar Dokokin Kaduna ta 1979: wa ke da gaskiya a tsige Balarabe Musa?

Wani ɗalibi daga Funtuwa ya aiko da wannan tambaya: "Malam, an koya mana cewa Balarabe Musa ne gwamna na farko da majalisa ta tsige a Najeriya. Kakana ɗan PRP ne tun asali, ya ce zalunci ne tsagwaronsa. Maƙwabcinsa da ya yi NPN kuma ya ce taurin kan Balarabe ne ya ja masa. Wai wace irin majalisa ce wannan, kuma cikin tsofaffin nan biyu wa ya fi gaskiya?"

Ɗana, ka gaida mini su biyun da kyau, kuma kada ka yi gaggawar raba musu gardama, domin musun da suke yi ya girme ka nesa ba kusa ba. Kowannensu yana da abin da ya riƙe. Amma in kana son ka fahimci abin da ya faru, ajiye Balarabe a gefe tukuna, mu fara da lissafi.

Jihar Kaduna ta wancan lokaci ba wannan da ka sani ba ce. Lardin Zazzau ne da lardin Katsina a haɗe, tun daga Daura har Kafanchan. A 1967 aka ƙirƙiro ta da sunan Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka mayar da sunan Kaduna, sai a 1987 aka cire Katsina. Tunda a ƙarƙashin soja aka haife ta, ba ta taɓa samun zaɓaɓɓiyar majalisa ba sai a 1979. Tsarin mulkin wannan shekara ya ce kujerun majalisar jiha za su ninka kujerunta na Majalisar Wakilai ta tarayya sau uku. Kaduna tana da 33 a Legas, don haka ta samu 99 a gida. Da aka ƙidaya ƙuri'u, jam'iyyar NPN ta kwashe 64, PRP, jam'iyyar gwamna Balarabe, ta samu 16, sauran jam'iyyu uku kuma GNPP 10, NPP 6, UPN 3.

Yanzu ɗauki alƙalami. Kashi biyu cikin uku na 99 shi ne 66. Da kujeru 66 majalisa za ta iya zartar da doka ko da gwamna ya ƙi sa hannu, kuma da 66 ɗin nan ne za ta iya cire shi daga kujera. Ke nan tun ranar da aka rantsar da majalisar, mutum biyu kacal suka rage wa NPN ta riƙe wuƙa da nama. Gwamna kuwa jam'iyyarsa ba ta da ko kashi ɗaya cikin biyar. Ko da duk sauran jam'iyyu huɗu sun tsaya masa ba wanda ya zame, mutum 35 ne, kuma yana buƙatar 34 su tsaya kyam kafin ya tsira. Duk rikicin da aka yi na wata ashirin da ɗaya, a kan wannan 'yar tazara aka yi shi.

Za ka ce, to yaya aka yi jama'a ɗaya suka ba NPN majalisa, suka kuma ba PRP gwamna? Zaɓen 1979 ba rana ɗaya aka yi shi ba. Mako-mako aka bi: 'yan majalisar dattawa ranar 7 ga Yuli, wakilai ranar 14, majalisun jihohi ranar 21, gwamnoni ranar 28, shugaban ƙasa kuma 11 ga Agusta. Kafin ranar zaɓen gwamna kowa ya riga ya ga inda iska ta dosa. Magoya bayan ƙananan jam'iyyu, waɗanda kowa ya zaɓi nasa a mazaɓarsa mako guda da ya wuce, sai suka ga in ba su haɗa kai ba ɗan takarar NPN, Alhaji Lawal Kaita, zai wuce salin-alin. Da yawa suka tattara ƙuri'unsu suka ba Balarabe. Ga kuma tsohuwar gasa tsakanin larduna biyu: Lawal Kaita Bakatsine ne, Balarabe kuwa mutumin Kaya ne a ƙasar Zazzau, kuma mutanen kudancin Zazzau suna da nasu dalilin na ƙin duk abin da ke ƙamshin tsohuwar En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna. A cikin NPN kanta ma ba kowa ne ya yi murna da ɗan takararta ba. Da ƙaramar tazara Balarabe ya ci. Zaɓen ɗan majalisa kuwa mazaɓa-mazaɓa ne, inda sanayya da hakimi da dagaci da attajirin gari suke aiki, kuma nan ne NPN ta fi kowa ƙafa.

Akwai abin da matasa ba su cika lura da shi ba. Zauren da waɗannan mutum 99 suka shiga, wato Lugard Hall a Kaduna, ba sabon wuri ba ne. Nan Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa da Majalisar Sarakuna suka riƙa zama kafin sojoji su rufe su a Janairun 1966. Majalisar Arewa ta fara zama tun 1947, kuma a cikinta ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurinsa na 1950 na neman a yi wa mulkin En'e garambawul. To amma tsarin da aka saba da shi a wannan zaure na Ingila ne. A wancan tsari ba a zaɓen shugaban gwamnati daban. Jam'iyyar da ta fi yawan kujeru ita ke fitar da Firimiya, ministoci kuma 'yan majalisa ne, suna zaune a layin gaba ana yi musu tambayoyi. Sardauna ya zama Firimiya ne saboda jam'iyyarsa ta NPC ce ke da rinjaye, ba don an kaɗa masa ƙuri'a a faɗin Arewa ba. A wannan tsari, a ce mai kujeru 16 yana mulki mai 64 yana kallo, abu ne da ba zai taɓa yiwuwa ba.

Sai ga shi an shekara goma sha uku babu majalisa ko ɗaya a ƙasar, aka dawo da sabon tsari da aka aro daga Amurka: gwamna da ƙuri'arsa, majalisa da tata, kwamishina ba ya zama ɗan majalisa, kowa da hurumi. Yawancin waɗanda suka shiga zauren a Oktoban 1979 ba su taɓa zaman majalisa ba. Malaman makaranta ne, da tsofaffin ma'aikatan En'e, da 'yan kasuwa, da 'ya'yan sarauta. Abin da suka gada a ka shi ne mai rinjaye shi ke da gwamnati. Don haka a wurin 'yan NPN, Balarabe baƙo ne da ya shigo gidansu ta taga. Shi kuma a wurinsa, jama'ar jiha gaba ɗaya suka zaɓe shi a kan manufa bayyananna, ba wani ɗan majalisa da ya samu ko kusa da yawan ƙuri'unsa, don haka ba wanda zai sa shi ya sauka daga manufar. Duka biyun suna karanta takarda ɗaya, kowa yana ganin nasa a ciki.

Da a ce wannan ne kaɗai, da wataƙila an lallaɓa. Amma da ma can akwai jiƙaƙƙiya. PRP 'yar NEPU ce, tsohuwar jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, NPN kuwa a Arewa yawancin jiga-jiganta 'yan NPC ne ko 'ya'yansu. Sawaba ta koma Nasara, Salama ta koma Aminci, mutanen dai su ne. Balarabe da kansa ya shiga NEPU tun 1953 yana matashi, kafin ya zama akanta. A cikin waɗanda suka yi masa yaƙin zaɓe akwai waɗanda aka taɓa ɗaurewa a kotun alƙali saboda sun yi taron siyasa babu izni, a ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda iyayensu ne suka sa aka yi ɗaurin. Wani lokaci ma tsagar ta bi ta cikin gida ɗaya. A Katsina, Alhaji Musa 'Yar'aduwa babba ne a NPN, ɗansa Umaru, wanda daga baya ya zama gwamna har ya zama shugaban ƙasa, yana tare da PRP. Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihin nan na Jami'ar Ahmadu Bello da ya riƙe muƙamin sakataren gwamnati a mulkin PRP, shi ma ɗan gidan sarautar Katsina ne.

Abu na farko da Balarabe ya yi, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano, shi ne soke haraji da jangali. Ku yaran yanzu kuna jin kalmar ne kawai, bari in gaya maka yadda na gan shi ina yaro a ƙauyenmu. Da an gama girbi sai mai unguwa ya fara bin gida-gida da sunayen magidanta da duk saurayin da aka ga ya isa. Ranar karɓa a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dagaci, malamin haraji ya zauna da littafinsa da kundin rasit, dogari yana tsaye. Wanda ya kawo a yago masa rasit, ya ninke shi sau huɗu ya cusa cikin hula ko ya sa a 'yar jakar fata, domin ranar kasuwa ana iya tare shi a hanya a ce ya nuna. Wanda bai kawo ba a zaunar da shi a rana, jama'a na wucewa, 'ya'yansa na kallo. Na ga dattijon da ya ja akuyarsa ɗaya tilo zuwa kasuwa ya sayar a wulaƙance, na kuma ga masu kwashe hatsin da ba a jima da kaiwa rumbu ba su sayar lokacin da ya fi araha, su dawo saye da tsada da bazara. Abin da aka rubuta a rasit daban, abin da aka karɓa sau da yawa daban. Fulani kuwa da lokacin ƙidayar shanu ya zo, sai ka wayi gari ruga ta tashi, an nausa daji da rabin garke.

Kuɗin ba shi ne babban abin ba. Haraji shi ne igiyar da ta ɗaure talaka da mai unguwa, mai unguwa da dagaci, dagaci da hakimi, hakimi da fada. Wanda ke rubuta sunanka a littafin haraji, shi ne kuma ranar zaɓe zai gaya maka akwatin da za ka jefa. Balarabe ya san haka, 'yan majalisa ma sun sani. Da ya ƙara da kafa hukumar binciken filaye da gonaki, wadda ta riƙa sauraron koken manoman da suka ce an ƙwace musu gona, sai masu sarauta da masu hannu da shuni suka tabbatar ba gyaran fuska mutumin ya zo yi ba.

Nan kuma dole in yi wa maƙwabcin kakanka adalci. 'Yan majalisa suna da hujjar da ba ta banza ba. Haraji da doka aka kafa shi, kuma ƙananan hukumomi suna dogara da shi. Tambayar da suka riƙa yi ita ce: gwamna yana da ikon rushe abin da doka ta kafa da sanarwa kawai, ba tare da ya kawo ƙuduri zaure ba? A tsarin da aka ce an raba iko, yin doka da soke ta da rabon kuɗi aikin majalisa ne. Gwamnan da ya san duk abin da ya aika za a yi watsi da shi, zai riƙa neman hanyar da zai bi ta bayan majalisa. Duk lokacin da ya bi ta baya kuma, ya ƙara musu shafi ɗaya a takardar tuhuma. Haka abin ya riƙa cin kansa.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne batun kwamishinoni. Tsarin mulki ya ce gwamna ne ke zaɓo su, amma sai majalisa ta amince. Balarabe ya aika sunaye, majalisa ƙarƙashin kakakinta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, da shugaban masu rinjaye Alhaji Dauda Mani, ta ƙi. Ya sake aikawa, ta sake ƙi. Aka yi ta haka, har aka je kotu, ba ta sauya zane ba. Gundarin maganar kowa ya san shi: NPN tana son a dama da ita a gwamnati gwargwadon ƙarfinta a zaure, shi kuma ya ce ba zai sa mutanen da ya yi yaƙin zaɓe a kan rushe tsarinsu su zo su aiwatar masa da manufa ba. Har ya bar gidan gwamnati bai taɓa samun majalisar zartarwa ba.

Ka yi tunanin yadda ake tafiyar da jiha mai faɗin nan babu kwamishina ko ɗaya. Fayil ya taso daga ma'aikatar ilimi ko ta lafiya, babban sakatare ya rubuta shawararsa, babu ɗan siyasar da zai yanke hukunci a ma'aikatar, sai a ɗauke shi a kai teburin gwamna. Na gona haka, na ayyuka haka, na kuɗi haka. Komai ya taru a hannun mutum ɗaya da 'yan mashawartansa. Abin dariya, majalisar da ta hana shi mataimaka ita ce kuma ta dawo tana cewa yana mulki shi kaɗai.

Don ka ga cewa akwai wata hanya, dubi abin da ya faru a Legas a daidai wannan lokaci. Alhaji Shehu Shagari ma bai samu rinjaye ba. NPN tana da sanatoci 36 cikin 95, da wakilai 168 cikin 449. Me ya yi? Ya ƙulla yarjejeniya da NPP ta Azikiwe, aka ba su kujerun minista, aka bar musu kakakin Majalisar Wakilai, Edwin Ume-Ezeoke, da mataimakin shugaban majalisar dattawa, John Wash Pam. Da haka sunayen ministocinsa suka wuce. Yarjejeniyar ta watse a 1981, amma ta riga ta yi masa aikin da yake so. 'Yan NPN na Kaduna suna nuna wannan suna cewa, ga shugaban ƙasa ma ya raba, kai wane ne? Amsar 'yan PRP ita ce, tsakanin NPN da NPP rabon muƙami ne kawai ya raba su, tsakaninmu da ku kuwa aƙida ce. Ni a ganina duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma shi ya sa sulhu ya gagara.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Tara daga cikin gwamnonin da ba na NPN ba suka fara taro a kai a kai: biyar na UPN, biyu na GNPP, wato Muhammadu Goni na Borno da Abubakar Barde na Gongola, sai Rimi da Balarabe. Uwar jam'iyyar PRP, ƙarƙashin Malam Aminu Kano da sakatarenta S. G. Ikoku, ta ce gwamnoninta su daina zuwa, domin tana ganin taron dabara ce ta share wa Awolowo, jagoran UPN, hanya. Suka ƙi. A 1980 jam'iyya ta dare biyu, aka samu 'yan Santsi, ɓangaren gwamnoni da tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu a gaba, da 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam. Hukumar zaɓe ta ce ɓangaren Malam ta sani. Rimi bai ji jiki sosai a zaure ba, domin majalisar Kano mai kujeru 138 kusan duk ta PRP ce kuma yawancinsu sun bi shi. Balarabe kuwa da ma 16 gare shi, ga shi jam'iyyar da ta tsayar da shi ta ce ta kore shi. Mutumin da ke buƙatar kowane hannu ɗaya a zaure, sai ga shi ba shi da uwa a gindin murhu. Kafin tsakiyar 1981, NPN ta cike giɓin mutum biyun nan har da ɗori.

Yanzu mu zo kan makamin kansa, sashe na 170 na tsarin mulkin 1979. A nan nake so ka nutsu, domin nan ne amsar tambayarka take. Matakan kamar masu tsauri ne in ka karanta su a takarda. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi su miƙa wa kakaki. A ba gwamna kwafi ya kare kansa. Cikin kwana 14 majalisa ta kaɗa ƙuri'a, in kashi biyu cikin uku sun yarda a bincika, sai a kafa kwamitin mutum bakwai masu mutunci, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan jam'iyya ba. Kwamiti ya kawo rahoto cikin wata uku. In ya ce zargi ya tabbata, majalisa ta sake amincewa da kashi biyu cikin uku, shi ke nan gwamna ya sauka.

To amma duba ƙofofi uku da aka bari a buɗe. Wa ke zaɓo mutum bakwai ɗin? Kakakin majalisa, majalisa ta amince, wato masu ƙara su ne ke naɗa alƙalai. Mene ne babban laifin da ya isa a tsige gwamna? Sashen ya ce mummunan keta tsarin mulki, ko kuma duk wani hali da majalisa a ra'ayinta ta ga ya kai babban laifi. A ra'ayinta, ka ji. In gwamna ya ga an zalunce shi, ina zai kai kuka? Ƙaramin sashe na 10 ya ce babu kotun da za ta saurari wata ƙara a kan abin da kwamitin ko majalisar suka yi. Mai ƙara shi ne mai naɗa alƙali, shi ne mai fassara laifi, kuma an toshe hanyar ɗaukaka ƙara. Duk wanda ya tara 66, ba ya buƙatar komai kuma.

Haka kuwa aka yi. Tuhume-tuhumen da aka jera sun fi karkata ga cewa ya wuce gona da iri, ya yi abubuwa da gaban kansa waɗanda sai da yardar majalisa ko bin wata doka. Ba a san Balarabe da tara dukiya ba, kuma ko abokan gabansa ba nan suka fi kai masa suka ba. Ya garzaya kotu yana neman a dakatar da binciken. A shari'ar da lauyoyi ke kira ta Balarabe Musa da Auta Hamza, har kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya aka je, amsar dai ɗaya ce: tsarin mulki ya ɗaure mana hannu, wannan magana ta siyasa ce, ba mu da hurumi. Ranar 23 ga Yunin 1981 majalisa ta amince da rahoton kwamiti, Balarabe ya zama tsohon gwamna.

Kwana goma sha bakwai bayan haka, ranar 10 ga Yuli, tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad. Na kawo wannan ne don ka ji zafin da ake ciki a wannan damina. Rigima ɗaya ce ta fito ta fuska biyu: a Kaduna ta bi ta zaure, a Kano ta bi ta titi.

To wa ya fi gaskiya? In ka matsa mini, zan ce kakanka ya fi kusa, amma ba don dalilin da yake zato ba. Ba lallai ne a ce majalisa ta karya doka ba. Matsalar ita ce dokar da kanta ta ba ta damar yin abin da ta ga dama, ita kuma ta ɗauki makamin da aka tanada don gwamnan da ya ci amana, ta yi amfani da shi a kan gwamnan da ta ƙi jinin manufarsa. Abin da aka yi a zahiri ƙuri'ar rashin amincewa ce irin ta tsohon tsarin Ingila, aka sa mata rigar shari'a. Majalisar da ta ƙi amincewa da kwamishina ko ɗaya tun watannin farko, kafin gwamna ya yi yawancin abin da aka tuhume shi da shi, da wuya ta gamsar da ni cewa laifin ne ya kai ta ga hukuncin. A Amurka da aka aro tsarin, an taɓa gwada irin wannan a 1868 a kan shugaba Andrew Johnson, wanda shi ma rigimarsa da majalisa ta siyasa ce, ya tsira da ƙuri'a ɗaya tak a majalisar dattawa.

Maƙwabcin kakanka kuma ba ƙarya ya yi ba da ya ce akwai taurin kai. Balarabe akanta ne, ya fi kowa sanin 64 da 2 nawa ne. Ya zaɓi ya rasa kujera da ya raba ta, kuma har ya rasu a Nuwamban 2020 ba a ji ya yi nadama ba. Mutum zai iya girmama wannan, ni ma ina girmamawa. Sai dai manomin da ya kai kokensa gaban hukumar filaye yana jiran a dawo masa da gonarsa, shi ma yana da haƙƙin ya tambaya ko kujerun kwamishina uku ko huɗu sun fi shekara biyu da 'yan watannin da suka rage na mulkin daraja. Wannan tambaya ba ni da amsarta da zan rantse a kai, kuma na ga tsofaffin 'yan PRP da kansu sun rabu a kanta.

Wani abin da ake mantawa: tsigewar ba ta ba NPN gwamnati ba. Mataimakin gwamna ne ya hau, Alhaji Abba Musa Rimi, mutumin lardin Katsina kuma ɗan PRP. Kada ka haɗa shi da Abubakar Rimi na Kano, garuruwan ne suka yi suna ɗaya. Shi ya ƙarasa wa'adin har 1983.

Masu rubuta tsarin mulkin 1999 sun toshe ƙofa ɗaya cikin ukun nan. A sashe na 188, babban jojin jiha ne ke naɗa mutum bakwai ɗin, ba kakaki ba. Ƙofa ta uku, ta hana kotu sa baki, Kotun Ƙoli ce ta rage mata faɗi a Disamban 2006, a shari'ar Rashidi Ladoja na Oyo, wanda 'yan majalisa 18 cikin 32 suka fara shirin tsige shi a wani otal a Ibadan. Kotu ta ce hanin da aka yi mata bai hana ta duba ko an bi matakan da tsarin mulki ya shimfiɗa ba, ta mayar da shi kujerarsa. Peter Obi a Anambra da Joshua Dariye a Filato su ma ta kotu suka dawo. Ƙofa ta biyu kuwa tana nan yadda take: har gobe babban laifi shi ne abin da majalisa a ra'ayinta ta ce babban laifi ne. Gwamnoni ma kan mage ya waye. In ka ga gwamna a yau ya fi damuwa da wanda zai zama kakaki fiye da wanda zai zama kwamishinan kuɗi, ko ya tsaya kai da fata sai ya zaɓo 'yan takarar majalisa da hannunsa tun daga zaɓen fid da gwani, karatun Kaduna ne yake bita, ko ya san sunan Balarabe ko bai sani ba.

Shi kuwa Lawal Kaita, ya samu kujerar da ta kuɓuce masa, domin shi ya ci zaɓen 1983, aka rantsar da shi a watan Oktoba tare da sabuwar majalisa. Wata uku suka yi. Ranar 31 ga Disamba sojoji suka karɓi mulki, aka sallami gwamna da kakaki da 'yan majalisa gaba ɗaya, aka sake rufe zauren Lugard Hall.